Taguwar da Na Ɗinka wa Kaka

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai, kakana ya kamu da wani irin ciwon ƙafa wanda ba ya tashi sai an ce a fita waje. A cikin gida lafiyarsa ƙalau. Yana korar awaki daga gindin rumbu da gudu, har katanga na taɓa ganin ya hau yana gyara inda ta zube. Amma da zarar an yi sallama a zaure an ce ana suna ko ɗaurin aure, sai ya dafe gwiwa ya cije leɓe.

"Ku ce musu ƙafar nan ce," in ji shi.

Ina da shekara goma sha huɗu a lokacin. Babana ya tafi cin rani, gidan daga ni sai Inna da ƙannena da Kaka, mahaifin babana. Inna suruka ce, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta tambaye shi abin da ke damunsa. Ni kuwa jika ce, bakina a sake yake. Yana kirana amarya, ina kiransa Tsoho, kullum muna cikin tsiya. Na ce masa wannan ƙafa tasa ta fi mutane wayo, tunda ta san ranar biki. Ya wurgo mini takalmi, da ƙafar da ke ciwon ya bi ni har bakin ƙofa.

Ranar da na je share masa ɗaki na gano gaskiyar maganar. Na ɗaga adakarsa in share ƙarƙashi, na ji ta sakayau. Da na buɗe babu komai ciki sai carbi da wasu takardun addu'a. Babbar rigarsa da jamfarsa da hular da yake zuwa Juma'a da su, duk babu. Na ruga wurin Inna ina cewa an yi mana sata. Ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu.

"Rufe mini baki," ta ce. "Dawar da kike ci tun watan jiya, daga ina kike tsammanin ta fito? Kasuwar Ɗambatta ya kai su."

Abin da ya rage masa taguwa ɗaya ce, wadda faci ya yi mata yawa har ba a gane asalin yadinta, ga hammata a yage. Da ita yake salla a ɗan masallacin ƙofar gida, ya yafa tsohon bargo a kai ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Ƙasarmu kuma ba wurin ɓuya ba ce. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, ba wata hanya da mutum zai bi bai gaisa da mutum ashirin ba. Kaka mutum ne da aka saba gani fes, ya gwammace a ce gurgu ne da a gan shi a haka.

Da a ce bukukuwa kawai yake gudu, da ban damu ba. Amma yana da amini tun na ƙuruciya, wani tsohon tela a ƙauyen da ke gabas da mu, tafiyar kamar awa guda a ƙasa. Idanunsa sun mutu, ga jiki ya ƙi. Sau biyu yana aiko wa Kaka cewa yana son ganinsa, sau biyu Kaka yana dafe gwiwa. Bayan ɗan aiken ya tafi sai ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo. Abin ya tsaya mini a rai. Na ji tsoron tsohon nan ya rasu ba su gana ba, saboda riga.

Ana haka mai gwanjo ya zo. Mutum ne da ke zagaya ƙauyuka da ɗaurin kaya a bayan keke, kuma a shekarun nan ba ya tsayawa sai kuɗi, yana karɓar kaza, yana karɓar ƙwan zabi. Ina da wata budurwar kaza da gwaggona ta ba ni. Na tona kayansa har ƙasa, babu jamfa, babu taguwa, sai irin rigunan nan da yanzu ake kira tishat, mu kuma muna ce musu mai roba. Na zaɓi wadda ta fi kowacce girma. Ban san wane irin ƙato ne ya sa ta a ƙasarsu ba, amma ni tana sauko mini har ƙauri. A da fara ce, a lokacin ta koma kalar kunun gyaɗa. Aibinta ɗaya, a ƙirjinta akwai hoton wani Bature babu riga, yana tsaye a kan katako a tsakiyar ruwa, gashinsa a tashe.

Inna ta kalli rigar, ta kalli inda kazata ta saba kwanciya.

"Da wannan mutumin za a yi salla?" ta ce.

"Rufe shi zan yi da aljihu."

"Ke da ko zani ba ki taɓa kalmashewa ba?"

Gaskiya ta faɗa, amma ban yarda ba. Inna tana ɗinkin hula, ni kuma ina taya ta cike gurabe da zare, saboda haka a ganina ni da tela bambancinmu keken ɗinki ne kawai. Na tsara komai a kaina. Zan cire hannuwan, in tsaga gefe da gefe kaɗan daga ƙasa, in yi wa wuya aiki da koren zare, hannuwan da na cire kuma in buɗe su in haɗa su zama aljihu.

Tun daga awo rigar ta fara nuna mini hali. Na jira ranar da aka wanke tsohuwar taguwar Kaka aka shanya, shi yana ɗaki cikin bargo, na auna ta da ɗani. Da na zo kan mai roba, in na ɗan ja ta sai ta ba ni ɗani biyar, in na saki ta koma huɗu. Sau uku ina aunawa, sau uku tana ba ni amsa daban. Na ce ai shi ke nan, riga ce mai sauƙin kai, duk yadda aka ce da ita haka take.

A wurinmu kuma ba a yanka yadi da almakashi tun daga farko har ƙarshe. Ɗan tsaga ake yi da reza, a kama gefe biyu a fizga, yadi ya tafi sak a kan layinsa. Haka na ga ana yi wa atamfa da alawayyo tun ina ƙarama. Na yi ɗan tsagana a gefen rigar, na kama, na fizga. Ba ta yage ba, miƙewa ta yi. Na ƙara ƙarfi, na taka gefe ɗaya da ƙafa. Sai ta saki gaba ɗaya, ta tafi a karkace har kusa da hammata. Na zauna a ƙasa riƙe da ita, ina jin Inna a madafa tana tari irin na mai danne dariya.

Kwana biyu na yi ina ɗinke wannan ɓarnar. Na aro almakashi a maƙwabta na yanka ɗaya gefen, sai bakin ya nannaɗe kamar ganyen masara a fari. In na miƙar da nan, can ya nannaɗe. Na dinga danne shi da dutsen niƙa ina kalmasa. Ɗinkin da na iya kuma na hula ne, ƙanana a matse, allura kusa da allura, don haka duk inda na bi sai wurin ya tattare ya yi tauri, inda ban bi ba yana lilo. Yatsuna duk suka huje.

Aljihun ne abin alfaharina. Baturen dogo ne, saboda haka aljihun ya fito babba, tun daga ƙasan wuya har cibiya. Ban ga laifin hakan ba, don aljihun dattijo ai ɗaki ne, komai nasa a ciki yake. Na rufe mutumin ruf, ko gashinsa ba a gani. Wuya kuma na zagaye shi da koren zare sahu uku, har da ɗan zane irin na gefen hula.

Da na gama na ɗaga ta, sai na ga har yanzu laƙwas take, ba ta da kwarjinin kayan manya. Na san abin da ke sa shadda ta tsaya ta yi ƙyalli, sitaci ne da bugu. Na ɗebi garin rogo cikin wanda muke ci, Inna tana faɗa tana cewa abincin mutum guda na kwashe. Na dama, na tsoma rigar, na shanya. Da ta bushe, na jingina ta da bango ta tsaya da kanta. Na kwantar da turmi, na shimfiɗa ta a kai, na kama taɓarya na yi ta bugu kamar yadda na ga masu bugu suna yi. Ƙyalli dai bai zo ba. Faɗi ta ƙara.

Da hantsi na kai masa, na durƙusa har ƙasa don tsokana.

"Tsoho, ga lefenka na haɗo maka."

Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ta yi ƙara.

"Amarya, wannan sawa ake yi ko rufin ɗaki?"

"Taguwa ce. Irinta ba ta zo ƙauye ba tukuna."

Ya buɗe baki zai ƙara wata, sai idonsa ya sauka a kan yatsuna. Can ya cire bargo ya zura kansa ciki, kan kuwa ya ƙi fita. Aikin da na yi wa wuyan ya kashe robar gaba ɗaya. Ga Kaka tsaye a tsakar gida, hannuwa a sama, ba a ganin komai sai tsakiyar kansa, muryarsa tana fitowa daga ciki.

"Jama'a, ku kawo ɗauki! Yarinyar nan gado take so ta ci!"

Ƙannena suka faɗi ƙasa don dariya. Inna ta shige ɗaki da gudu, don bai kamata a ga suruka tana dariyar surukinta ba, amma muna jin gadonta yana motsi. Na sa almakashi na tsaga wuyan ta gaba, kai ya fito, ido jawur. Ya tuɓe ta ya ninke, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya sa a adaka. Bai ce zai sa ba, ni ma ban tambaya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga kaza ta tafi.

Bayan kwana uku ɗan tsohon telan ya zo da kansa. Daga zaure ina jin abin da yake faɗa, yana magana yana jin nauyi.

"Baba ya ce in faɗa maka yadda ya faɗa, kada in rage. Ya ce in dubiya ta gagare ka, to kada ka wahalar da ƙafarka ranar jana'iza."

Kaka bai dafe gwiwa ba. Washegari bayan ya karya, na gan shi ya fito daga ɗaki cikin taguwata, tana tsaye a jikinsa kamar an kifa masa kwando.

"Ɗauko fura ki biyo ni," ya ce. "In za a yi dariya, a yi da mu biyu."

Kafin mu fita ya loda aljihu. Carbi, asuwaki, 'yar wuƙarsa, goro a ganye, kwalbar man zafi, da dafaffen ƙwan zabi guda shida da Inna ta bayar a kai wa mara lafiya. Duk suka shige, har da sauran wuri. Na ji daɗi, na ce masa ya gani ko.

Bazara ce, ana ta kai taki gona, hanya cike da jakuna da mangaloli. Da farko lafiya lau, rigar tana ƙara in ya motsa, mutane suna gaishe shi suna tambayar ƙafa, yana cewa da sauƙi. Amma rana tana ɗagawa gumi ya fara jiƙa sitacin. Kafin mu kai gindin ɗorawar da ke rabin hanya, rigar ta saki. Kafaɗu suka zubo, gefen da na ɗinke ya fi ɗaya tsawo, aljihu kuma ya fara tafiya ƙasa. Daga cibiya ya sauka mara, daga nan ya kama dukan cinyarsa, kowane taku ƙwai suna karo da kwalba. Bakin aljihun ya wangale, sai ga gashin Bature ya ɓullo. Jim kaɗan goshi ya biyo, sannan ido biyu.

Wani mai jaki da ya san Kaka ya tsaya gaisuwa. Ya gaishe shi da gida, da ƙafa, da zafi, amma idonsa yana kan ƙirji. Daga ƙarshe ya kasa haƙuri.

"Malam, wane ne wannan yake leƙowa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kaka ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa, suka haɗa ido da Baturen.

"Baƙo ne," ya ce. "Na ɗauko shi ya ga gari."

Mai jaki ya yi dariya har ya riƙe wuyan jakinsa. Daga nan Kaka ya tallabe aljihun da hannu ɗaya kamar mai ɗauke da jariri, duk wanda muka haɗu da shi sai ya riga shi tsokanar kansa. Rabon da in ji muryarsa a waje haka, na manta.

Mun sami tsohon telan kwance a tabarma a ɗakinsa, ya rame sosai, tsohon kekensa na ɗinki a rufe a lungu. Da jin sallamar Kaka ya yunƙura ya zauna.

"Ashe sai na ambaci kabari za ka zo, ɗan banza."

"Ai na san ƙarya kake, irinku ba sa mutuwa da wuri."

Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Sun daɗe suna gaisawa, suna zagin juna, suna tambayar waɗanda suka rage cikin sa'o'insu. Can hannun tsohon ya hau kafaɗar Kaka, ya taɓa rigar, ya tsaya. Ya bi wuyan da yatsa, ya bi kalmasar gefe, ya gangara kan aljihu har inda ya ƙare, ya sake hawowa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɗinki, yatsunsa sun fi idon wani gani. Ni ina zaune a bakin ƙofa.

"Wa ya yi wannan aiki?" ya ce.

"Amaryata ce, ga ta nan zaune."

"Matso, jikata. Ɗinkin hula kika yi wa riga?"

Na ce e.

"Allura a matse, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hannunki yana da haƙuri." Ya murza yadin a tsakanin yatsunsa. "Kai, ji laushi. Ni da duk abin da na sa sai ya ci mini jiki. Malam, tuɓe ka ba ni."

"In koma gida tsirara?"

Tsohon ya ƙwala wa 'yarsa kira, ya ce ta kawo duk abin da ta samu a saman adaka. Ta dawo da babbar riga shuɗiya mai aiki, da jamfarta, a ninke, suna ƙamshin turare. Ya ce nauyi take masa, aikin wuyan yana kartar masa fata, shi da ba ya zuwa ko'ina ajiyarta asara ce. Kaka ya ce sam, ba zai karɓa ba. Murya ta fara tashi.

"Kyauta na ce zan ba ka?" in ji tsohon. "Musaya ce. Na ga abu ina so, kana da shi. In rowa za ka yi mini ka faɗa."

Ni fa duk wannan gani nake ciniki ne na gaske, kuma kayana ake tayawa. Na ga Kaka zai yi mana sakaci, sai na sa baki.

"Baba, kwana tara na yi ina ɗinkin nan. Ga aljihu, ga aikin wuya. In dai musaya ce, sai dai a ƙaro hula."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Ya ce a kawo hula, yarinya ta fi kakanta sanin darajar kaya. Aka kawo. Kaka ya juya baya ya tuɓe, aka juye ƙwai da goro a kwano, tsohon ya zura taguwata, Bature yana leƙe a ƙirjinsa, yana shafa ta yana cewa madalla.

Sai da na yi aure har na haihu, muka haɗu da 'yar tsohon a wani suna, take gaya mini cewa tun ranar da labari ya kai musu cewa an ga rigar Kaka a kasuwa, babanta ya sa aka fito da tasa aka shanya aka turara. Wata biyu tana saman adaka. Ya rasa yadda zai aika da ita Kaka bai mayar ba.

Amma a ranar ban san komai ba. Da la'asar muka kamo hanya, Kaka yana gaba cikin shuɗiyar riga, ni ina baya da ƙwarya, kaina ya kumbura, ina lissafin waɗanda zan ba labari cewa ɗinkina na farko an musanya shi da babbar riga har da hula. Da muka shiga wani burtali inda babu kowa, ya tsaya ya ce in wuce gaba. Na wuce. Ina jin shi a bayana yana jan hanci. Na waiga, na ga yana goge ido da hannun rigar.

Tausayinsa ya kama ni. A zatona taguwata yake yi wa kuka.

"Tsoho, yi haƙuri," na ce. "Da mai gwanjo ya dawo zan ɗinka maka wata, wadda ta fi waccan."

Ya dube ni, hawaye yana bin gemunsa, dariya kuma tana neman ƙwace masa.

"Amarya," ya ce, "don girman Allah ki rufa mini asiri."